Gwajin magani a jikin ɗan Adam: abin da ya kamata a sani kafin shiga binciken sida ko na shanyewar ɓarin jiki

A manyan asibitocin Yawunde, Kumasi, Abijan ko Kano, majinyaci kan ci karo da sanarwa manne a bango, ko ma'aikaciyar jinya ta ja shi gefe ta ce ana neman masu sa kai domin wani bincike. Wani lokaci masu ɗauke da ƙwayar cutar sida ake nema, wani lokaci waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Da Faransanci ana kiran wannan aiki essai clinique. Ga Bahaushen zango ko ɗan ci-rani, wanda takardar da aka miƙa masa ba da harshensa aka rubuta ta ba, shawarar ba ƙarama ba ce. Idan ya amince, jikinsa ya ba da. Idan ya ƙi, wataƙila ya bar wata dama. Ga bayanin yadda abin yake, da abin da ya haifar a baya, da haƙƙin da mai sa kai yake da shi.

Mene ne gwajin magani?

Bincike a kan lafiyar mutane iri biyu ne. Akwai wanda masu bincike ke zuba ido kawai: su yi tambayoyi, su auna jini, su bi lafiyar mutum tsawon watanni ko shekaru, ba tare da sun taɓa maganin da yake sha ba. Akwai kuma gwaji na ainihi, inda ake ba wasu mutane sabon magani, ko allura, ko wata hanyar motsa jiki, sannan a kwatanta sakamakonsu da na waɗanda suka samu kulawar da aka saba.

Bayan an gama da ɗakin bincike da jikin dabbobi, sabon magani yana bin matakai huɗu. A mataki na 1 mutane kaɗan ake ba shi, galibi ba su wuce 100 ba, domin a ga ko jiki zai ɗauka da kuma yawan da ya dace. A mataki na 2 ana ba marasa lafiya 'yan ɗaruruwa, a ga ko yana aiki. Mataki na 3 shi ne babba: ɗaruruwa ko dubban mutane, sau da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma da sakamakonsa ne hukumomi ke ba da izini ko su hana. Mataki na 4 yana zuwa ne bayan magani ya shiga kasuwa, ana sa ido kan illolin da ba sa bayyana sai mutane da yawa sun sha. Mafi yawan magungunan da suka fara wannan tafiya ba sa kai ƙarshenta.

Ba likita ne ke zaɓar wanda zai samu sabon maganin ba. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a ta raba mutane gida biyu. Da an bar wa likita zaɓi, zai iya ba masu ƙarfin jiki sabon maganin ko da bai yi niyya ba, sai a ɗauka maganin ne ya yi aiki. Don haka ne ma a gwaji da yawa majinyaci da likitansa duk ba su san wanne ake sha ba sai an gama. Wani lokaci gida ɗaya yana samun filasibo, wato ƙwaya ko allura mai kama da maganin sak amma babu sinadarin magani a ciki. Ƙa'ida ita ce, inda akwai magani mai aiki, da shi ake kwatanta sabon. Ba a barin mai ɗauke da sida babu magani don kawai a yi kwatance.

Abin da masu sa kai suka samar wa masu sida

Duk ƙwayar maganin sida da ake rabawa kyauta yau a Yamai, Garwa ko Njamena, wasu ne suka fara shan ta a matsayin gwaji. A 1986 an gwada AZT a Amurka a kan mutum 282. An tsayar da gwajin kafin lokacinsa, saboda mutum 19 sun rasu cikin masu shan filasibo, mutum ɗaya kuma cikin masu shan maganin. A 1994 wani gwaji ya nuna cewa ba mai ciki AZT yana rage yiwuwar jaririnta ya kamu da kusan kashi biyu cikin uku. Daga 1996 aka koma haɗa magunguna uku, abin da ya mai da sida ciwon da ake rayuwa da shi.

A 2011 gwajin HPTN 052, wanda ya bi ma'aurata da abokan zama 1,763 da ɗaya ke ɗauke da ƙwayar ɗaya kuma ba ya ɗauke da ita, ya gano cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar tsakaninsu da kashi 96 cikin 100.

Yankinmu ma ya ba da nasa kason. A Abijan, gwajin Temprano na hukumar binciken sida ta Faransa, ANRS, ya ɗauki mutum fiye da 2,000, ya kuma nuna a 2015 cewa fara magani nan take, ba tare da jiran garkuwar jiki ta faɗi ba, yana rage munanan cututtuka, musamman tarin fuka. A wannan shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a ba duk wanda aka gano yana da ƙwayar magani ba jinkiri. A Yawunde kuma, gwajin NAMSAL ya kwatanta dolutegravir da efavirenz a kan mutum 613 a asibitoci uku. Ya tabbatar da ingancin dolutegravir, ya kuma nuna cewa yana sa ƙiba. A 2019 OMS ta sa shi a sahun gaba na magungunan farko. Alƙaluman hukumar ONUSIDA sun nuna cewa a ƙarshen 2023 mutum miliyan 39.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 30.7 daga cikinsu suna shan magani.

Abin da ake bincike a kai yanzu

Masu neman 'yan sa kai a yau sun fi mai da hankali kan abubuwa uku. Na farko, allura mai daɗewa a jiki maimakon haɗiyar ƙwaya kullum. Gwajin CARES a Yuganda, Kenya da Afirka ta Kudu ya ɗauki mutum 512, ya nuna cewa allurar cabotegravir da rilpivirine duk bayan wata biyu tana danne ƙwayar kamar yadda ƙwayoyin sha ke yi. Wannan ya shafi direban da ke kwana a hanya, da matar da ke ɓoye kwalbar magani a gida mai yawan jama'a.

Na biyu, kariya ga waɗanda ba su kamu ba. A 2024 gwajin PURPOSE 1, a kan 'yan mata da matasan mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda, ya nuna cewa cikin 2,134 da aka yi wa allurar lenacapavir sau biyu a shekara, babu ko ɗaya da ta kamu. Sai dai wannan ba rigakafi ba ne irin na ƙyanda da ake yi a gama, dole a riƙa maimaitawa. Rigakafin sida na dindindin har yanzu babu shi: manyan gwaje-gwaje uku, Uhambo a 2020, Imbokodo a 2021 da Mosaico a 2023, duk an dakatar da su saboda ba su ba da kariya ba.

Na uku, neman waraka ɗungurungum. 'Yan tsirarun mutanen da suka rabu da ƙwayar, irin su Timothy Ray Brown da aka yi wa aiki a Balin a 2007, dashen ɓargo aka yi musu saboda sankarar jini, aiki mai haɗarin da ba a yi wa mai sida kawai. A wasu binciken waraka akan dakatar da maganin mutum na ɗan lokaci, ana auna jininsa a kai a kai, domin a ga ko ƙwayar za ta dawo. A wannan tsakani zai iya harbar matarsa ko mijinta. Wannan shi ne irin gwajin da ya fi buƙatar dogon tunani da shawarar likitan da ya saba duba mutum. Kuma kada kowa ya daina shan magani da kansa wai yana gwaji.

Shanyewar ɓarin jiki

Ciwon da Faransanci ke kira AVC yana faruwa ne idan jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Alamominsa su ne karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da sarƙewar magana, duk farat ɗaya. Mutane da yawa kan ɗauka iska ce ta shafi mutum, a tsaya a gida kwanaki. Alhali maganin narkar da gudan jini galibi ba ya amfani sai an ba da shi cikin awa huɗu da rabi, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewa ba ce.

Babban binciken da aka yi a Afirka ta Yamma shi ne SIREN, a cibiyoyi 15 na Najeriya da Gana, ciki har da Kano, Zariya da Kumasi. Ya kwatanta majinyata 2,118 da masu lafiya sa'o'insu, aka buga sakamakon a 2018. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ta same su, kuma hawan jini ne ya fi komai hannu a ciki. Shi ya sa gwaje-gwaje da dama a yankin suka karkata kan hana ciwon dawowa. A Kumasi, gwajin PINGS ya ba waɗanda suka tashi daga ciwon na'urar awon jini da wayar salula, ma'aikatan jinya na bin su daga nesa.

Yara masu amosanin jini, wato sikila, su ma suna cikin haɗari. A asibitocin Kano da Kaduna, gwajin SPRING ya ɗauki yara 220 da awon jijiyar kai ya nuna suna dab da kamuwa, ya kwatanta ƙaramin awon maganin hydroxyurea da matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna bambanci ba wajen yawan shanyewar jiki, abin da ke da muhimmanci ga iyayen da kuɗin magani ke yi wa nauyi.

A ɓangaren farfaɗowa, gwaji ya sha ƙaryata abin da ido ke ganin daidai ne. An daɗe ana zaton gara a tayar da majinyaci da gaggawa. Gwajin AVERT, mai mutum 2,104, ya nuna a 2015 cewa waɗanda aka matsa wa da tashi da motsi mai yawa cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba bayan wata uku. Haka maganin damuwa fluoxetine: wani ƙaramin gwaji a Faransa mai mutum 118 ya ba da fata a 2011 cewa yana dawo da motsin gaɓoɓi, amma gwajin FOCUS a Birtaniya mai mutum 3,127 ya nuna bai ƙara farfaɗowa ba, sai ma ƙarin karaya. Akwai kuma wanda ya yi nasara: gwajin EXCITE na 2006 ya nuna cewa rufe lafiyayyen hannu da safa, a tilasta wa shanyayyen yin aiki awanni a kullum tsawon mako biyu, yana ƙara masa ƙarfi ga waɗanda ke da sauran motsi a yatsu. Abin lura shi ne, shiga gwaji ba ya nufin an samu abin da ya fi. Da an san sabon ya fi, da ba a yi gwajin ba.

Cututtukan biyu suna da mahaɗa. Ƙwayar sida tana ƙara haɗarin ciwon jijiyoyin jini ko ga mai shan magani. A 2023 gwajin REPRIEVE, mai mutum 7,769 a ƙasashe 12, ya gano cewa maganin rage kitsen jini pitavastatin ya rage bugun zuciya, shanyewar jiki da makamantansu da kashi 35 cikin 100 ga masu ɗauke da ƙwayar.

Dalilin ɗari-ɗarin jama'a

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

A Duwala kuma, a 2005 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta dakatar da gwajin tenofovir a matsayin kariya, wanda ya ɗauki mata 400, bayan ƙungiyoyin fafutuka sun yi ƙorafi kan yadda aka yi wa matan bayani da kuma makomar wadda ta kamu ana cikin gwajin.

Dokokin kare masu sa kai sun samo asali ne daga irin waɗannan abubuwa. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun biyo bayan shari'ar likitocin Nazi. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda aka sabunta a 2024, ita ce ginshiƙin da ake bi a yau. Kuma an yi gwaje-gwaje masu tsabta a ƙasar Hausa: a Madarumfa ta jihar Maraɗi ne cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin gudawar yara ta rotavirus mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon da ya fito a 2017.

Haƙƙin mai sa kai

Babu gwajin da ya halatta sai kwamitin ɗa'a da hukumar magunguna ta ƙasar sun amince. A Nijar da Kamaru akwai kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya, a Cadi akwai kwamitin ƙasa mai irin wannan aiki, a Najeriya NHREC da NAFDAC, a Gana hukumar abinci da magunguna, FDA.

Kafin a taɓa mutum, dole a yi masa bayani da harshen da yake ji: manufar binciken, abin da za a yi masa, illolin da aka sani, da zaɓin da yake da shi idan bai shiga ba. Wannan shi ne consentement éclairé, amincewa bayan fahimta. Wanda bai iya karatu ba yana da haƙƙin a karanta masa a gaban shaidan da ba ma'aikacin binciken ba ne, sannan ya dangwala yatsa. Yana da haƙƙin tafiya gida da takardar ya yi shawara, da kuma riƙe kwafi bayan ya sa hannu.

Ƙin shiga ba ya rage komai daga kulawar da asibiti ke ba mutum, kuma yana iya fita duk ranar da ya ga dama ba tare da ya ba da dalili ba. Mace na iya shawara da mijinta, amma amincewar miji ko ta mai unguwa ba ta maye gurbin tata. Yaro, iyayensa ne ke amince masa, shi ma a ji ta bakinsa idan ya yi wayo. Wanda shanyewar jiki ta ɗauke wa magana ko fahimta, wakilinsa na doka ne ke yanke masa, idan ya farfaɗo kuma a sake tambayarsa. Sunan mutum da sakamakon awonsa sirri ne, lamba ake sawa a madadin suna.

Ba a biyan kuɗi don a shiga gwaji. Akasin haka ma, akan mayar wa mutum kuɗin mota da na ɓata lokaci, ba mai yawan da zai rufe masa ido daga haɗari ba. Idan gwajin ya jawo rauni, masu ɗaukar nauyinsa ne ya kamata su biya jinya.

Matsalolin mazauna ƙetare

Takardun amincewa a Kamaru, Cadi ko Gabon galibi da Faransanci suke, a Gana da Turanci, a Sudan da Larabci. Iya cinikin kasuwa da harshe daban, fahimtar bayanin likita daban. A nemi tafinta, kuma ga mai sida gara tafintan da asibiti ya kawo a kan ɗan unguwa, don kada sirri ya koma zango.

Gwaji yana buƙatar zama wuri ɗaya, wani lokaci shekara biyu ko fiye. Falke, mai kiwo, ko wanda ke komawa gida noma da damina, ya faɗi haka tun farko. Allurar wata biyu idan aka tsallake lokacinta, ƙwayar na iya dawowa ta kuma bijire wa maganin, sannan ba lalle a samu irinta a ƙetaren iyaka ba. Haka batun azumi da aikin hajji, a tattauna lokutan shan magani tun kafin su zo.

Ɗibar jini na tayar wa mutane hankali. Ƙaramar kwalbar awo ba ta wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, alhali jikin baligi na ɗauke da kusan lita biyar. Duk da haka mutum yana da haƙƙin sanin sau nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, ko za a fitar da shi ƙasar waje, da tsawon lokacin da za a ajiye shi.

Yadda ake gane na gaskiya

Gwaji na gaskiya yana da lambar rajista da za a iya dubawa a intanet, a rumbun PACTR na Afirka ko a ClinicalTrials.gov. Yana da sunan babban mai bincike, da asibitin da aka sani, da lambar wayar kwamitin ɗa'a a jikin takardar. Duk wanda ya yi alkawarin waraka tabbas, ko ya nemi kuɗin rajista ta WhatsApp, ko ya ce a jefar da maganin asibiti, ba bincike yake yi ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi da'awar warkar da sida da haɗin ganyaye, aka sa majinyata suka bar magungunansu, wasunsu suka rasu.

Kafin sa hannu, a yi waɗannan tambayoyi, a kuma saurari amsa:

Wane mataki ne gwajin, kuma mutum nawa aka riga aka ba wannan magani?
Akwai yiwuwar in faɗa gidan filasibo?
Zan ci gaba da shan maganina na yanzu?
Sau nawa zan zo, har tsawon wane lokaci?
Wa zan kira idan jikina ya rikice da dare, kuma wa zai biya?
Me zai faru idan na samu ciki, ko tafiya ta kama ni?
Idan maganin ya yi aiki, zan ci gaba da samun sa bayan an gama?

Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin tambaya, ba ya kuma gaggauta mutum. Wanda bai gamsu da amsa ba, ya ninke takardar ya kai wa likitan da ya saba duba shi kafin ya yanke shawara.